Lambun Kyanwowi da Tsibirin Karnuka: Dabbobin da Ba Su da Mai Su a Alƙahira da Istanbul

A shekarun 1830, duk wanda ya shiga harabar babbar kotun shari'a ta Alƙahira da la'asar zai tarar da taron da ba na masu ƙara ba. Kyanwowin birni ne, sun hallara domin a wannan lokacin ake kawo musu kayan ciki a zube. Baturen Ingila Edward Lane, wanda ya zauna a birnin kuma ya wallafa littafinsa kan al'adun Misirawa a 1836, ya bincika asalin abin, aka gaya masa cewa Sarki Azzahiru Baibaras, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277, shi ne ya yi wakafin wani lambu kusa da masallacinsa a arewacin birnin domin a riƙa ciyar da kyanwowin da ba su da mai su daga amfaninsa. Ana kiran wurin Lambun Kyanwa. Masu kula da wakafin sun yi ta sayar da lambun yana sauya hannu, har ya zamana abin da yake shigowa daga gare shi bai wuce ƙurushi 15 a shekara ba. Sauran nauyin sai ya koma kan babban alƙali, a matsayinsa na mai kula da wakafai da wasiyyoyin alheri. Dukiyar ta salwanta, amma sharaɗin mai wakafi yana nan ana cika shi bayan shekara fiye da 550.

Baibaras ba mutum ne da aka sani da taushi ba. Bawa ne da aka saya, ya zama jarumin yaƙi, ya jagoranci sahun gaba a Ainu Jalut, ya hau gadon sarauta bayan kashe wanda ya gabace shi. Idan irin wannan sarki ya ware lambu saboda kyanwowi, dalilin yana cikin abin da jama'ar zamaninsa suka ɗauka ibada. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa, da makamancinsa game da wata fasiƙa daga Bani Isra'ila. A Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Ƙatada wanda ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai-komo a gida. Waɗannan sun wadatar. Labarin nan da ya yaɗu na wata kyanwa mai suna Mu'izza, wadda wai aka yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci, ba shi cikin littattafan hadisi ingantattu, kuma babu buƙatar jingina wa Annabi (SAW) shi.

Akwai wata matsala ta fiƙihu a wakafin Baibaras. Malamai sun sharɗanta cewa wanda aka yi wa wakafi ya zama mai iya mallaka, ko dai a haƙiƙa kamar mutum, ko a hukunce kamar masallaci da gada. Kyanwa ba ta mallakar komai, shi ya sa Shafi'awa suka tafi a kan cewa wakafi a kan dabba ita kanta bai inganta ba. Mafitar da masu wakafi suka bi ita ce ɗora wakafin a kan aikin, wato ciyarwa da shayarwa, tunda nassi ya tabbatar da lada a kan kyautata wa duk mai rai. Ta haka dabbar ta samu abincinta ba tare da an ba ta matsayin mai mallaka ba.

Sha'anin kare ya fi wuya. Imamu Shafi'i yana ganinsa najasa mai kauri. Imamu Malik kuwa yana ganin kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bin umarni ne kawai, ya kafa hujja da cewa Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo da bakinsa. Duk da wannan saɓani, malamai sun haɗu a kan hadisin da ke cewa ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, ya rubuta hanin ajiye kare a gidajen birni. Sai dai masu sharhin littafin sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, shi kansa ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Adabin Larabci bai raina kare ba: Jahiz ya ba shi shafuka masu yawa a Kitabul Hayawan, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya rubuta littafi sukutum yana fifita karnuka a kan da yawa daga masu sanya tufafi.

To yaya ake haɗa hanin ajiyewa da ladan ciyarwa? Amsar da mutanen Istanbul suka bayar a aikace, tsawon ƙarnoni a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ita ce kare ba na gida ba ne, na unguwa ne. Ba ya shiga ɗaki, ba ya taka shimfiɗar salla, ba wanda zai ce nawa ne, amma kowa ya san shi. Busbecq, jakadan gidan sarautar Habsburg da ya zauna a birnin a zamanin Sarki Sulaiman Alƙanuni, ya rubuta yadda ya ga mutane suna yi wa karya mai jego 'yar rumfa, suna kai mata ƙasusuwa da ragowar abinci, suna ɗaukar hakan aikin lada. Har sana'a ta samu daga wannan: akwai masu yawo da hanta da huhu a rataye a sanda, mai neman lada ya saya a rarraba wa kyanwowi da karnuka a gabansa. Su ma karnukan suna da aikinsu. Suna cinye abin da aka zubar a tituna a zamanin da babu hukumar kwashe shara, suna haushi idan baƙo ya shigo da dare, kowane garke yana tsare iyakar unguwarsa. Wannan riƙo ne na tarayya, mai kama da farillar kifaya, kuma ya bambanta da abin da ake yi a Turai da Amurka a yau, inda mutum ɗaya ke zuwa gidan ajiye dabbobi ya ɗauki ɗaya ya kai ɗakinsa.

Wannan tsari ya fara girgiza ne da sauyin ra'ayi game da birni. Jabarti ya rubuta cewa a 1798 sojojin Faransa da suka mamaye Alƙahira sun zagaya da dare suna jefa nama mai guba, gari ya waye da gawarwakin karnuka a tituna; laifinsu shi ne haushin da suke yi wa masu sintiri. A ƙarni na 19 masu mulkin Masar da Turkiyya da kansu suka soma kallon karen titi a matsayin abin kunya a idon baƙi daga Turai. Ba kunya kaɗai ba ce: ciwon haukan kare yana kashe mutane, kuma shari'a ta halatta kashe kare mai cizo ko ga wanda yake cikin harami. Amma Muslim ya ruwaito cewa bayan umarnin farko na kashe karnuka a Madina an zo an hana, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya kira karnuka al'umma daga cikin al'ummu. Izinin kawar da mai cutarwa bai kai ga shafe jinsi ba.

A 1910, shekara biyu bayan juyin da ya kawo Matasan Turkawa kan mulki, hukumar birnin Istanbul ta kama karnukan tituna, aka zuba su a keji, aka loda a jiragen ruwa zuwa Sivriada, wani ɗan tsibirin dutse a tekun Marmara wanda ba shi da isasshen ruwan sha ko inuwa. Adadin da aka fi ambata shi ne 80,000, wasu ƙiyasin kuma sun yi ƙasa da haka. Ba a yanka su ba, ba a harbe su ba. An bar su ne a tsakiyar zafi, ƙishirwa da yunwa suka kashe su, waɗansu suka cinye waɗansu. Mai zanen barkwanci ɗan Faransa da aka sani da Sem ya je kusa da tsibirin a jirgin ruwa ya bayyana abin da ya gani a jarida, har da karnukan da suka faɗa teku suna iyo suna bin jirgin. Mai nazarin hadisi ba zai kasa lura da cewa siffar da aka zaɓa, wato tsarewa ba ci ba sha ba saki, ita ce daidai siffar da aka ambata a hadisin matar nan da kyanwarta. Talakawan birnin ma haka suka fahimta. An samu masu ɓoye karnukan unguwarsu daga masu kamu, kuma da babbar gobara ta tashi a 1911, girgizar ƙasa ta auku a yankin Marmara a watan Agusta na 1912, sannan aka sha kashi a yaƙin Balkan, da yawa sun ɗauki waɗannan a matsayin sakayya. Wannan fassara ce ta jama'a, ba hukunci ne da malami zai yanke ba, amma tana nuna inda suka ajiye laifin. Sunan da tsibirin ya shahara da shi a bakinsu shi ne Hayırsızada, tsibiri marar alheri. A 1912 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi a birnin.

Ba a daɗe ba karnuka suka sake cika tituna. A 2004 majalisar Turkiyya ta yi doka mai lamba 5199, wadda ta wajabta wa hukumomin birane su kama dabbar titi, su yi mata rigakafi, su dandaƙe ta, su mayar da ita inda aka ɗauko ta. Karnukan da ke kwance a ƙofar shaguna da alama a kunne 'ya'yan wannan doka ne, kuma ta yi kusa da tsohon tsarin unguwa fiye da duk abin da aka gwada tun 1910. A watan Yuli na 2024, bayan koke-koke kan cizon yara da haɗurran mota, majalisar ta gyara dokar: a tattara karnuka a gidajen ajiya har sai an samu mai ɗauka, a kashe masu haɗari da waɗanda ciwonsu ba ya warkewa, kuma an ba hukumomin birane wa'adi zuwa 2028 su gina wuraren. Dubban mutane sun fito zanga-zanga a Istanbul, sunan Hayırsızada kuma ya sake dawowa cikin muhawarar.