Gadar Dutse ta Birnin Bordo a Ƙasar Faransa

Gadar da Faransawa ke kira Pont de pierre, wato gadar dutse, ita ce ta farko da aka gina a kan kogin Garon a birnin Bordo, kudu maso yammacin Faransa. Tsawonta mita 487 ne, kuma tana haɗa tsohon gari da unguwar Bastid da ke ɗaya gaɓar.

Kafin a gina ta, sai da jirgin fito ake ƙetare kogin. Wannan ya jinkirta sojojin Napoliyon da ke kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Sifaniya, shi ya sa ya ba da umarnin gina gada, aka fara aiki a shekarar 1810. Injiniya Claude Deschamps ne ya jagoranci mafi yawan aikin. Garon kogi ne mai wuyar sha'ani: ga faɗi, ga laka mai zurfi a ƙarƙashinsa, ga ruwan teku da ke turo shi ya cika ya janye sau biyu kowace rana. Don haka aka kafa ginshiƙan a kan turakun katako da aka buga cikin laka, aka haɗa dutse da jan bulo, sannan aka bar cikin gadar da rami kamar zaure domin a rage mata nauyi.

Bayan faɗuwar Napoliyon kuɗi ya yanke, aikin ya tsaya. Attajiran birnin ne, ƙarƙashin wani mai jiragen ruwa, Pierre Balguerie-Stuttenberg, suka zuba jari bisa sharaɗin karɓar kuɗin ƙetarewa. An buɗe gadar a watan Mayun 1822, shekara guda bayan mutuwar wanda ya ba da umarnin gina ta. Masu yi wa baƙi jagora kan ce ƙofofin ruwanta 17 masu siffar baka sun yi daidai da adadin haruffan sunan Napoléon Bonaparte. Lissafin ya yi daidai, sai dai a zamanin Sarki Luwis na 18 aka kammala ginin, lokacin da ba a ɗaukaka wannan suna a Faransa.

Har zuwa 1965, babu wata gadar mota a birnin sai ita. Nauyin da ta ɗauka ya fi ƙarfin turakun da ke ƙasa, ginshiƙanta suka riƙa nutsewa sannu a hankali. Daga 2017 aka hana motocin gida bin ta, aka bar ta ga masu tafiya a ƙafa, masu keke da sufurin jama'a, ciki har da taragon lantarki na layin A. An kuma shiga babban aikin ƙarfafa tushenta, wanda kan sa a rufe ta a wasu lokuta, saboda haka ya kamata baƙo ya bincika kafin ya je.

Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ƙetarewa a ƙafa ba ta wuce minti goma. Daga gaɓar Bastid ake ganin jerin gine-ginen ƙarni na 18 da suka sa hukumar UNESCO ta saka Bordo cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Wani ɓangare na dukiyar da ta gina su ya fito ne daga cinikin bayin Afirka da amfanin gonakin da bayi suka noma a tsibiran Karebiyan. A wannan gaɓar kuma aka kafa mutum-mutumin Toussaint Louverture, jagoran boren bayi na Haiti.