Tarihin Situdiyon Ɗaka: Daga Zaren Tef Zuwa Kwamfuta

A watan Janairun 1982, mawaƙin nan na Amurka, Bruce Springsteen, ya zauna a ɗakin kwanansa a garin Colts Neck na jihar New Jersey da jita da makirufo biyu da wata 'yar rikoda mai cin kaset. Gwaji kawai ya yi niyyar ɗauka, don abokan kiɗansa su ji yadda sababbin waƙoƙin suke kafin a shiga babban situdiyo. An shiga situdiyon, an buga an sake bugawa, amma ba a samu armashin da ke cikin kaset ɗin ba. Ƙarshenta dai kaset ɗin nan, wanda ya yi makonni yana yawo a aljihunsa ko gida babu, shi aka mayar faifai, aka fitar a watan Satumba da sunan Nebraska. Injiniyoyi sun sha wuya kafin aikin ya yiwu, domin rediyon kaset ɗin da aka juye waƙoƙin a kansa ya taɓa jiƙewa da ruwa, ita kuma rikodar ba wanda ya bi ta kanta da saiti.

Wannan matsala ta bi situdiyon cikin gida har zuwa yau. Kayan aiki suna ƙara araha, suna ƙara ƙanƙancewa, amma duk lokacin da suka matso kusa da mai waƙa sai su taho masa da aikin da a da wani daban ake biya ya yi: kula da lafiyar na'ura.

Tun daga 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar magana har zuwa 1925, ba a amfani da makirufo wajen yin faifan garmaho. Mawaƙi da makaɗa kan taru a bakin wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsu shi ke kaɗa allurar da ke zana sauti a jikin kakin zuma. In an yi kuskure a baitin ƙarshe, an yi asarar kakin, sai a koma farko. Aiki ne na manyan kamfanoni.

Zaren tef ne ya buɗe ƙofa. Kamfanin AEG na Jamus ya baje kolin rikodarsa mai suna Magnetophon a Berlin a 1935. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya ci karo da irinta a gidan rediyo da ke Bad Nauheim, ya kwance guda biyu ya aika gida tare da nadin tef 50. Mawaƙi Bing Crosby, wanda ya gaji da yin shirin rediyo kai tsaye, ya ji ingancin sautin, ya zuba dala 50,000 a wani ƙaramin kamfani mai suna Ampex, wanda ya fitar da tasa rikodar a 1948. Crosby ya ba abokinsa makaɗin jita Les Paul guda ɗaya, shi kuma ya yi mata dabarar ɗora sauti a kan sauti. Da ita shi da matarsa Mary Ford suka yi waƙar How High the Moon a gida a 1951, mace ɗaya tana jagora tana yi wa kanta amshi, jita ɗaya tana ƙara kamar ta mutum goma. Tsadar dabarar ita ce duk sabon ɗori yana haɗewa da na baya, kuskure ɗaya ya ɓata duka.

A manyan situdiyo na wancan zamani, kafin mawaƙi ya iso ma'aikacin gyara ya riga ya yi nisa da aiki. Zai jiƙa auduga da sifirit ya goge kawunan rikoda, domin tef yana barin jan datti da ke dushe sauti. Zai wuce da wata na'ura a jikin ƙarafan don cire maganaɗisun da ya taru. Sannan ya ɗora tef na gwaji, ya riƙa juya ƙananan kusoshi yana kallon allurar mita har ta tsaya inda ake so. Tace waƙa kuwa da reza ake yi. Injiniya zai riƙe nadin tef biyu da hannu yana murzawa gaba da baya a hankali, har ya ji daidai inda bugun ganga ya faro, ya yi alama da farin fensir, ya kwantar da zaren a kan wani ƙarfe mai tsaga, ya yanka a karkace, ya liƙe. Guntun da ya faɗi ƙasa ba a sharewa sai an tashi, don mai waƙa na iya canza shawara.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma duk wanda ya tashi a zamaninsa ya san yadda ake naɗe zare da biro in rikoda ta tauna shi. Amma sai a 1979 kaset ya zama kayan aikin mawaƙi, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya ƙera Portastudio 144, irin wadda Springsteen ya yi amfani da ita. Kaset na yau da kullum yana da layi huɗu, biyu a kowane gefe. Wannan na'ura sai ta riƙa amfani da huɗun gaba ɗaya ta fuska guda, kuma tana jan zaren da ninkin gudun da aka saba don sauti ya fi fita. Ganga a layin farko, jita a na biyu, murya a na uku. In ana son ƙari sai a juye ukun a na huɗu, a share su, a ci gaba. Kowane juyi yana ƙara shuu ɗin kaset, don haka mai aikin ya koyi lissafi tun kafin ya danna jan maɓalli.

Kwamfuta ta shigo ne ta bayan gida, domin da farko ba murya take ɗauka ba. A Janairun 1983, a wani baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa fiyano ƙirar Prophet-600 da Jupiter-6 ta kamfanin Roland da waya guda, aka taɓa ɗaya ɗayar ta amsa. Wannan tsari, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi suka jagoranta, shi ne MIDI. Ba sauti yake aikawa ba, umarni ne: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Da yake umarni ba ya cin wuri, ƙaramar kwamfuta ma na iya riƙe shi. Kwamfutar Atari ST ta 1985 ta zo da kafar MIDI a jikinta, kuma a kanta kamfanin Steinberg na Hamburg ya fitar da manhajar Cubase a 1989.

Ɗaukar murya ita ce ta gagara, kuma dalilin lissafi ne. Sauti mai ingancin faifan CD yana buƙatar a auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke cin sama da megabayit 10 a minti ɗaya. Kwamfutar IBM XT ta 1983 duka rumbun ajiyarta megabayit 10 ne, wato ko minti ɗaya ba zai cika ba. Lokacin da Pro Tools ya fito a 1991, layi huɗu kawai yake ɗauka, kuɗinsa kusan dala 6,000. Shekara takwas bayan haka, waƙar Ricky Martin, Livin' la Vida Loca, ta zama ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin Amurka alhali an ɗauke ta an haɗa ta kacokan a cikin wannan manhaja.

Daga nan reza da sifirit suka kwanta dama, amma wasu ayyukan suka maye gurbinsu. Rumbun ajiya na wancan lokaci faranti ne mai juyawa da allura mai karantawa. In an daɗe ana ajiyewa ana sharewa, fayil ɗaya kan warwatsu a wurare da yawa, allura ta yi ta tsalle tana nema, waƙa ta riƙa sarƙewa. Shi ya sa masu situdiyon gida a zamanin Windows 95 da 98 suka saba da kunna manhajar tattara fayiloli da dare su kwanta. Wasu rumbunan ma kan ɗan tsaya su daidaita kansu in sun yi zafi, kuma wannan 'yar tsayuwa ta isa ta huda rami a tsakiyar baiti, har kamfanoni suka riƙa sayar da rumbuna na musamman don masu sauti da bidiyo. Shawarar da ta yaɗu ita ce rumbu biyu: ɗaya na manhaja, ɗaya na sauti.

Sai matsalar jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, sai ta tara awo guda tukuna, kamar mai ɗiban ruwa da ke jiran bokiti ya cika kafin ya ɗauka. In an saita awon a 1,024, mawaƙi zai ji muryarsa a kunne bayan wajen kashi 23 cikin 1,000 na daƙiƙa, ban da jinkirin komowa, kuma hakan ya isa ya rikita shi. In an rage zuwa 256, jinkirin ya sauko ƙasa da kashi 6, amma kwamfuta mai rauni za ta fara ƙaraf-ƙaraf. Tsarin ASIO da Steinberg ya fitar a 1997 ya rage wahalar, sai dai ƙa'idar da aka koya a lokacin tana nan: ƙaramin awo wajen ɗora murya, babba wajen haɗa sauti, kuma a rufe duk wata manhaja da ba ta cikin aikin.

Shekarun 1996 zuwa 2000 su ne suka kawo kayan da yaran situdiyo ke taɓawa yau. Tsarin VST ya mayar da fiyano da na'urorin gyaran murya manhajoji. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, ya fitar da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune a 1997, waƙar Believe ta Cher ta sanar da duniya ita a 1998. A Beljiyam, Didier Dambrin ya rubuta wata 'yar manhajar ganga mai suna FruityLoops, wadda ta koma FL Studio a 2003. Da ita wani matashi, Soulja Boy, ya buga kiɗan waƙar Crank That, wadda ta yi mako bakwai a saman jadawalin Amurka a 2007. Manhajar Audacity kuwa, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka faro a Jami'ar Carnegie Mellon, kyauta aka sake ta a 2000. A bikin Grammy na 2020, kundin da Billie Eilish da yayanta Finneas suka yi a ɗakin kwanan gidan iyayensu a Los Angeles ya lashe kyautar kundin shekara, har da ta ingancin ɗaukar sauti.

Ƙasar Hausa ba ta tsaya kallo ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, buƙatar waƙoƙin fim ta haifar da ƙananan situdiyo inda fiyano ƙirar Yamaha ta riƙa kwaikwayon kalangu da sarewa, mutum ɗaya ya tsaya a madadin tawagar makaɗa. Da kwamfuta ta zo, muryar Auto-Tune ta zama tambarin waƙoƙin nanaye. Har daga Nijar aka riƙa tsallakowa neman wannan sauti: Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu da duniya ta sani yanzu, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma waƙoƙin sun yaɗu a yankin Sahara daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori.

Sai dai an ƙera na'urorin ne ba da yanayin nan a rai ba. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, zafin bazara ya zo ya same ta a toshe, ita kuma in ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta, daidai lokacin da ake ɗora murya. Ɗauke wuta ana tsakiyar ajiye aiki na iya lalata fayil ɗin baki ɗaya, shi ya sa batirin ko-ta-kwana da sitabilaiza suka zama kayan situdiyo kamar makirufo. Janareto yana da ƙugin da ke shiga ta kunne, yana da wanda ke bin waya. Filashin da kwastoma ya yawata da shi shago-shago kuwa, shi ne babbar hanyar da bairos ke shiga. Rumbun zamani na SSD ya kawar da aikin tattara fayiloli, domin babu farantin da ke juyawa a cikinsa, amma yakan mutu farat ɗaya ba tare da ƙarar gargaɗin da tsohon rumbu kan yi ba.

Babu zamanin da ya tsira daga asara. Wasu tef na shekarun 1970 da 1980 sun riƙa shan raɓa suna danƙo, sai an gasa su a ɗumi mai sauƙi na awanni kafin a iya juye su. Gobarar da ta tashi a harabar kamfanin Universal a Los Angeles ranar 1 ga Yunin 2008 ta cinye ma'ajiyar asalin tef na mawaƙa masu yawa. A 2024 kuma kamfanin adana kayan tarihi na Iron Mountain ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na rumbunan shekarun 1990 da masana'antar kiɗa ke kawo masa ba sa karantuwa. Ko rumbun ya tashi, tsohuwar manhajar da aka yi aikin da ita ba lalle ta buɗu a sabuwar kwamfuta ba.

Masu adana sauti sun tsaya a kan tsarin da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Sun kuma ƙara da cewa a fitar da kowane layi, murya daban, ganga daban, a matsayin fayil na WAV, tunda kowace manhaja na iya buɗe shi, MP3 kuma ya riga ya zubar da wani ɓangare na sautin. Mai situdiyon da aikinsa na shekara goma ke kwance a rumbu guda, ya sayi na biyu ya kwafe, ya kai shi ajiya wani gidan, sannan ya buɗe kwamfutar ya hure ƙurar fanka kafin bazara ta shigo.