Matsayin Matarkin Adabin Hausa Daga Gasar 1933 Zuwa Zamanin Intanet

A wannan takarda muna so mu bi sawun yadda matsayin matarkin adabi, wato mai feɗe littafi ya yanke masa hukunci, ya yi ta sauyawa a ƙasar Hausa. Mun kasa tarihin gida uku.

A zango na farko, matarki shi ne mai tsaron ƙofa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, alƙalai ne suka tace rubuce-rubuce, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Haka aka ci gaba a hukumar NORLA, sannan a kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Littafin da bai gamsar da edita ba, ba ya isa hannun ɗalibi.

Zango na biyu ya fara ne a shekarun 1980, sa'ad da tattalin arziki ya karye, marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Tun da yake ƙofa ta kuɓuce wa matarki, sai ya koma shafin jarida. A nan ne, a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya soki abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi. Abin lura shi ne, hukunci ya koma bayan bugu, amma duk da haka malaman jami'a ke riƙe da shi.

A zango na uku, marubuciya kan saki labarinta babi-babi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Masu karatu kan yaba ko su kushe nan take, har ra'ayinsu ya juya akalar labarin kafin a kammala shi. Alƙalanci irin na da ya saura ne a gasa, kamar Hikayata da BBC ta fara a 2016.

To, me ya rage wa matarki? A ganinmu, adanawa da kwatantawa. Mai karatu na iya cewa labari ya yi daɗi, amma sai wanda ya san tarihi zai nuna inda salonsa ya samo tushe. Bugu da ƙari, labarin da ke waya kan ɓace da rushewar zaure ko lalacewar wayar. Idan jami'o'inmu ba su tattara waɗannan rubuce-rubuce ba, manazartan gobe za su tarar da giɓi babba a tarihin ƙagaggun labaran Hausa.