Daga Ɗan Wiwi Zuwa Ɗan Kodin

A Landan aka haife ni, shi ya sa da na ji Kawu ya ce ɗan maƙwabcinmu na Kano ɗan ƙwaya ne, wallahi na zaci gyaɗa yake sayarwa.

Ashe kowane suna da zamaninsa. Lokacin su Baba ɗan wiwi ake cewa. Tun 1966 sojoji suka kafa wa tabar doka. Sai ɗan sholisho, mai shaƙar gam ɗin masu faci. An kafa NDLEA a 1989, ƙwaya ba ta daina yawo ba. Daga baya 'yan kodin suka fito, har 2018 da gwamnati ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi.

Abin tsoron, sunan ba ya goguwa. Yaron nan ya tuba tuni, amma har yau an hana shi mata, wai ɗan ƙwaya ne.