Yadda finafinai marasa magana suka koya wa duniya ba da labari da hoto

Sinima ta shafe shekara talatin da ɗoriya ba ta da murya. Daga 1895 zuwa 1927, mai shirya fim ba shi da abin isar da labari sai hoto, da ɗan rubutun da ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa, da makaɗin da ke zaune a gaban allo. A cikin wannan takura aka gano babbar dabarar da fim ke tafiya a kanta har yau, wato yanka hotuna da jera su.

Mafari

Ranar 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna finafinansu ga masu biyan kuɗi a birnin Paris. Kowane fim bai kai minti ɗaya ba. Kyamara ake kafawa wuri guda, ta ɗauki abin da ya gifta, kamar ma'aikata suna fitowa daga masana'anta.

Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, ya lura cewa in aka tsayar da kyamara aka sauya abin da ke gabanta, mai kallo zai ga mutum ya ɓace ko ya rikiɗe. Fim ɗinsa na tafiya zuwa wata, na 1902, labari ne cikakke, sai dai kyamarar tana nesa, tamkar ɗan kallon wasan kwaikwayo.

Yanka da jerawa

A Ingila, George Albert Smith ya matso da kyamara kusa da ido da ƙananan abubuwa tun 1900. A Amurka kuwa, Edwin Porter ya fito da The Great Train Robbery a 1903, inda labarin ke tsallakawa daga wuri zuwa wuri cikin kimanin minti 12.

D. W. Griffith ne ya goge dabarar nuna abubuwa biyu da ke faruwa lokaci ɗaya. A The Lonely Villa na 1909, ana nuna ɓarayi suna fasa ƙofa, a koma kan maigida yana gaggawar isowa, ana rage tsawon kowace fitowa har hankalin mai kallo ya tashi.

Kaifi biyu

Da wannan dabarar Griffith ya shirya The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya ci mutuncin baƙaƙen fata, ya mayar da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai. Ƙungiyar NAACP ta yi ta fafutukar a hana nuna shi, amma a shekarar ne Klan ta sake farfaɗowa.

A Rasha, Lev Kuleshov ya haɗa fuskar ɗan wasa guda da kwanon miya, da gawa a akwati, da wata mace. Fuskar ba ta sauya ba, amma masu kallo suka ga yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa. Sergei Eisenstein ya ɗora a kan haka a Battleship Potemkin na 1925. Kisan gillar da ya nuna a matakalar Odessa bai auku a wurin ba, duk da haka mutane da dama sun ɗauke shi a matsayin tarihi.

Fitowar The Jazz Singer a 1927 ta buɗe zamanin sauti, amma ba ta kau da wannan gado ba. Duk bidiyon da aka yanke aka jera, na nishaɗi ne ko na siyasa, ma'anarsa na hannun wanda ya zaɓi hoton da zai biyo bayan wani.