Daga Adaka Zuwa Mai Sakata: Tarihin Bindigar Maharba a Kudancin Kano

Duk matafiyin da ya baro birnin Kano ta hanyar Zariya, ya wuce ƙasar Bebeji, ya iso Kwanar Dangora, sa'an nan ya karkata ya nufi Tudun Wada da Doguwa, lalle zai lura da yadda ƙasa take sauya kama a hankali, gonaki suna ja da baya, itatuwa suna ƙara kauri, duwatsu suna ɗagowa ta wajen Riruwai, har ya tsinci kansa a tsakiyar dajin Falgore, wanda Kogin Kano yake ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga. Wannan yanki tun fil azal mazaunin maharba ne, kuma tarihin makamin da suke riƙewa wani babi ne na tarihin ƙasar kanta, domin gwargwadon yadda makamin ya riƙa sauyawa, haka alaƙar ɗan Adam da dawa ta riƙa sauyawa.

Asalin makamin maharbi kwari da baka ne, shi ya sa har gobe ake kiran shugabansu Sarkin Baka, ko da kuwa bindiga ce a kafaɗarsa. Kibiya mai dafin kwankwani ba ta da nisan zango, saboda haka sana'ar duka ta ginu ne a kan sanɗa. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe, yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo, yana kiyaye inda iska take kaɗawa, har ya kusanci barewa ko gwanki alhali suna zaton ɗan'uwansu ne na daji. Wanda ya ɓata rabin yini yana wannan rarrafe ba ya sakin kibiya da garaje.

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasashen nan. Mai Idris Alauma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarki Babba Zaki, a ƙarni na 18, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga cikin dogarawansa. Amma dalilin da ya sa adaka ta zama bindigar talaka har zuwa zamaninmu yana da nasaba da wani taro da ƙasashen Turai suka yi a Brussels a shekarar 1890, inda suka yi ittifaƙi a kan hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙanƙara da albarushi kawai. Sakamakon wannan bambanci ya bayyana a Bebeji a farkon shekarar 1903, lokacin da rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar garin da igwa, kwanaki kaɗan kafin Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu. Maƙeran ƙauyuka kuwa suka ƙware a ƙera adaka da gyaranta, har ta zama tamkar 'yar gida.

Wanda bai taɓa ganin ɗurin adaka ba, ba zai fahimci ladabin tsofaffin maharba ba. Sai mutum ya auna albarushi a tafin hannunsa, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya daddaka da tsinken ƙarfe, ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe, ya sake toshewa, sa'an nan ya gyara wurin kama wuta. Idan kuma ya danna kunama, hayaƙi ya turnuƙe gabansa, to, magana ta ƙare, domin kafin ya sake ɗuri naman ya yi nisa, ko kuwa, in ɓauna ce da ta ji rauni, ta riga ta juyo kansa. Wannan larura ce ta haifi hikimar harbi ɗaya.

Bindiga mai sakata, wadda ake ɗura ta ta baya, ta samo asali ne a ƙasar Jamus, inda sojojin Prussia suka karɓi ƙirar Dreyse a shekarar 1841, kuma ta kai kamala da ƙirar Mauser ta 1898 da ƙirar Lee-Enfield ta Ingila mai cin harsashi 10. An kira ta mai sakata ne saboda ƙarfen da yake kulle harsashi yana aiki kamar sakatar ƙofa: a ɗaga, a ja baya kwanso ya faɗo, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a kwantar a kulle. Mutanenmu sun fi saninta a hannun 'yan sanda da sojoji, musamman waɗanda suka yi yaƙin Bama suka komo gida bayan 1945. A fagen farauta kuwa, galibi Turawan mulki ne da manyan ma'aikata suke riƙe ta, kasancewar Dokar Makamai ta 1959 ta sanya lasisin irinta a hannun babban sufeton 'yan sanda, alhali na adaka yana hannun hukumar 'yan sanda ta kusa.

Ita kuwa bindiga mai ɗura kanta, wadda maƙerin bindiga Browning ya fito da irinta ta harbin tsuntsaye a farkon ƙarni na 20, kamfanin Remington kuma ya fitar da ta manyan namun daji a 1906, hikimarta ita ce tana amfani da shurin harbin farko, ko da ƙarfin hayaƙinsa, wajen fitar da kwanso da shigar da sabon harsashi, ta yadda ba abin da ya rage wa mai ita sai ya sake danna kunama. Dannawa ɗaya harsashi ɗaya take bayarwa, saɓanin bindigar mashin wadda take zuba wuta muddin yatsa yana kai.

Idan aka ɗora su biyun bisa mizani da adalci, kowace tana da hujjarta. Mai ɗura kanta tana da fa'ida a ranar tsanani, lokacin da gadu mai rauni ya yo kan mutum, ko aka so a gaggauta ƙarasa dabbar da harsashin farko bai kashe ba, kuma shurinta ya fi sauƙi a kafaɗa. Sai dai kayan cikinta suna da yawa, tana bukatar goge-goge a kai a kai, tana zaɓen harsashi, kuma ƙurar hunturu, wadda ita ce abokiyar lokacin farauta a ƙasarmu, takan sa ta cije a daidai lokacin da ake bukatarta. Mai sakata kuwa ƙirarta mai sauƙi ce, kullenta mai ƙarfi, saitinta a nesa abin dogaro, tana jure ƙura da zafi, kuma idan aka buɗe sakatar kowa yana iya ganin babu harsashi a ciki, wanda wannan ba ƙaramin aminci ba ne a cikin taron mafarauta da karnuka da yara masu kora. Bugu da ƙari, ɗan jinkirin nan na jan sakata yana ba hankali damar riskar yatsa, mutum ya duba ko abin da ya motsa a cikin ciyawa nama ne ko ɗan'uwansa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba tare da bayani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hukunta cewa farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal ce. Malaman Fas na baya kuma suka yi fatawa da halaccin cin abin da aka harba da dalma, matuƙar an ambaci sunan Allah a lokacin harbi, in kuma an riski dabbar da sauran rai a yanka ta. Shari'a ta umarci a kyautata kisa, ta hana israfi da azabtar da dabba. Wanda ya zuba harsashi biyar a cikin garke yana fatan ɗaya ya dace, ya bar biyu suna jan ƙafa su mutu mushe a cikin sarƙaƙiya, haƙiƙa ya saɓa wa ruhin wannan hukunci, ko da wace irin bindiga ya riƙe.

An keɓe Falgore a matsayin gandun daji a ƙarshen shekarun 1940, da sunan Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, faɗinsa kimanin hekta 92,000, kuma haramun ne a yi farauta a cikinsa. Duk da haka, yawan jama'a, da sarar itace, da ƙunar daji, da harbin dare da fitilar goshi sun rage namun ƙwarai, har daga baya ɓarayin shanu masu ɗauke da makaman yaƙi suka mayar da wasu sassansa maɓoya, hukuma ta kai sojoji. Ashe kuwa yayin da bindiga take ƙara sauri, abin harbin raguwa yake yi.

Saboda haka, a ra'ayina, mai sakata ce ta fi cancantar gadon adaka a hannun duk wanda doka ta ba izini, domin ita ce ta fi kusa da tarbiyyar Sarkin Baka, wanda yake koya wa yaransa su bar mai ciki da mai shayarwa, su san sawu kafin su san kunama. Daji amana ce da Allah Ya damƙa mana, za a kuwa tambaye mu a kanta. Allah Ya sa jikokinmu na Kiru da Doguwa su ga gwanki da idonsu yana shan ruwa a bakin Kogin Kano, amin.