Daga Kanto zuwa Ƙaramar Hukuma: Tarihin Mulkin Mai-rairai

Cikin ƙananan hukumomi 8 na gundumar Mayahi, a jihar Maraɗi, akwai wadda takardun gwamnati ke rubutawa El Allassane Maïreyrey. Kashin ƙarshe na sunan ba kome ba ne face Mai-rairai, watau wuri mai yashi, amma manomin da ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci da wuya ya gane garinsu cikin wannan rubutu irin na Faransanci. Haka kowane sabon tsarin mulki ya riƙa sauka bisa wannan ƙasa, da harshen da ba nata ba.

Sojan Faransa sun ratso wannan shiyya a 1899, shekarar da Voulet da Chanoine suka gamu da ajalinsu kusa da Maijirgi. Da mulkinsu ya kahu, sai suka aza bariki a Tasawa; daga nan kumandan yake juya ƙasar har 1927, sa'ad da aka mai da cibiyar Maraɗi. Amma abin da ya fi taɓa talaka shi ne kanto. Sarkin kanto ke tara lanho, watau haraji, shi ke raba gardamar gona, ta hannunsa kuma ake ɗibar mutane aikin tilas, har aka soke wannan aiki a 1946. Ƙasar Mayahi kanto 2 ce, Mayahi da Kanembakashe, duka biyu bisa gulbin Kaba, Mai-rairai kuwa Kanembakashe take bi. Abin lura, kalmomin wannan zamani, kumandan da kanto da lanho, sun zauna daram a bakin jama'a, domin kowa ya ji su a jikinsa.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, dokar 1964 ta kasa Nijar manyan yankuna 7, ƙarƙashinsu gundumomi, kowace da sufurefe. Kanto dai bai gusa ba. Gwamnatin Seyni Kountché ta jingina tsarinta na raya ƙasa ga samariya da ƙungiyoyin manoma, shi ma bai raba talaka da ƙofar sarki ba.

Babban sauyi ya zo da dokar 2002, wadda ta kafa ƙananan hukumomi 265, cikinsu 213 na karkara. A nan ne Mai-rairai ta samu tsayuwar kanta, aka kuma yi zaɓen farko ran 24 ga Yuli 2004. Daga ranar, iko biyu suka kasance bisa ƙasa ɗaya: sarautar gado da majalisar zaɓaɓɓu. Zaɓaɓɓen da ya fito daga ƙauye yana muhawara da Hausa, amma kasafin kuɗi da takardar haihuwa da rahoton taro duk da Faransanci aka tsara su. Hatta sunan shugaban majalisar bai tsaya ba: wasu su ce mer, wasu magajin gari, alhali wannan tsohuwar sarauta ce a ƙasar Hausa, mai ma'anarta daban.

A watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi. A watan Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Aikin da ke gaban masu tsara yaƙi da jahilci shi ne tsai da kalma ɗaya ga kowane matakin mulki, da sake rubuta sunayen ƙauyukan Mai-rairai bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999, daga bakin mazaunansu.